Ƙanena da Kakin Soja

Ranar da ƙanena ya dawo daga hidimar ƙasa, bayan sallar isha'i ya same ni a zaure, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni fa aikin soja zan nema." Na daɗe ban tanka ba. Shekara huɗu yaron nan ya yi a jami'a yana karatun lissafi, har sai da muka jinginar da gonarmu ta fadama kafin ya kammala. Da labari ya isa ga Inna kuwa, abin da ta ce shi ne, "Ashe duk karatun nan a bariki zai ƙare?"

Ban ga laifinta ba. A ƙasar Hausa, in aka kira mutum ɗan bariki, ba yabonsa aka yi ba. Abin yana da asali. Rundunar da Bature Gulba ya kafa a Ikko a 1863, wadda daga cikinta sojan Nijeriya ya tsiro, akasarinta Hausawa ne da suka tsere wa bauta, suna nesa da gida da dangi. Kakanmu ma da ya je yaƙin Bama, ya dawo da lambar yabo, amma har ya rasu da yatsa yake dangwala takardar fanshonsa. Wannan shi ne sojan da Inna ta sani.

Sai dai zamani riga ne. Tun 1957 Odumegwu Ojukwu ya shiga soja da digirin jami'ar Okusfod, mahaifinsa na ƙi. A farkon shekarun 1960 shugabannin Arewa sun riƙa bin makarantun sakandare suna kwaɗaita wa ɗalibai aikin, sannan aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a 1964. Yanzu mai digiri yana iya samun gajeren horo ya fito hafsa, ko likita ne, ko injiniya, ko lauya, ko malamin makaranta. Ni a ganina, ƙasar da ta danƙa wa mutum bindiga tana da bukatar ya zama mai tunani, wanda ya san inda ikonsa ya tsaya. Ba wai takarda ce ke shiryar da mutum ba. Manjo Ifeajuna, ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin Janairun 1966, ai daga jami'ar Ibadan ya fito.

Abin da ya fi damuna daban ne. Na ga matasa da yawa da zaman kashe wando ya kora zuwa soja, albashin suke so ba aikin ba. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, wanda ya sa kaki don abinci kawai yakan tarar da abin da ya fi ƙarfin albashi. Saboda haka na tambaye shi, "Da yau banki zai ɗauke ka, za ka fasa?"

Ya ce a'a. Ya ce a makarantar da ya koyar a Yobe, akwai yaran da har yanzu iyayensu ba su yarda su kwana a makaranta ba, tun kisan ɗaliban Buni Yadi na 2014. "Yaya, allin da na riƙe bai yi amfani ba sai da wani ya tsaya a bakin ƙofa."

Ni na lallashi Inna, sai da aka yi wata biyu ta sa masa albarka. Wannan nauyi yana wuyana, kuma nakan ji shi duk lokacin da rediyo ya ambaci harin kwanton ɓauna. Yau shekararsa uku a bakin aiki. Kullum na shiga gaishe ta da safe, kafin ta amsa takan dubi wayar da ke gefen sallayarta, sannan ta dube ni ta ce, "Ya kira ka?"