Muryar Shata daga Gwadangaji zuwa Kumasi

A shekarun 1980, lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, mu yaran Gwadangaji ba mu taɓa ganin Mamman Shata ido da ido ba, amma babu zauren da muryarsa ba ta shiga ba. Da kaka, in an gama bugun shinkafa a fadama, kawuna kan sayo sabon batir ya ɗora rakoda bisa tabarma. Mu mutanen Kabi muna da namu, Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, ga kuma Ɗanƙwairo da Narambaɗa da muke jin Hausarsu tamkar ta cikin gida. Shata Bakatsine ne, ɗan Musawa, haihuwar 1923. Duk da haka in kalangu ya tashi, dattawa kan katse hira.

Muryar ce ke kama mutum tun kafin ya fahimci maganar. Ba siririya ba ce, ba kuma mai kaurin nan na ƙasa ba, tana tsakiya, daga ƙirji take fitowa, tana hawa kan kalangai da 'yan amshi ba tare da mai ita ya yi ihu ba. Turawa na kiran irinta bariton. Na tuna wata rana na ce wa kawu, «Kawu, wai shi ba ya gajiya?» Ya ce, «Yaro, saurara dai ka ji inda yake ajiye numfashi.» Tun daga nan na koyi sauraron waƙa.

Abin da ya fi burge mu shi ne labarin tafiye-tafiyensa. Fatake da masu fataucin goro da suka dawo daga Gana sukan ce a zangon Kumasi da na Ankara ana jin Shata kamar a Funtuwa. Ya je Nijar, ya je Ingila, ya je Amurka. Mutumin da ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa ya taka ƙasar da ta harba shi, bai kuma sauya harshe ko kiɗa don ya faranta wa baƙi ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, muka koma ce masa Dakta.

Sai da na girma na ji tsaransa na Jamus, Dietrich Fischer-Dieskau, haifaffen Balin a 1925, wanda ya zagaya duniya yana rera waƙoƙin Schubert da piyano ɗaya tal a bayansa, ya yi wasannin opera, ya kuma rera a War Requiem na Britten a Coventry a 1962. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane numfashin da kawu ya nuna mini. Shi Bajamushen rubutacciyar waƙar wasu yake ɗauka ya ba ta rai. Shata kuwa nan take yake ƙirƙirar tasa, a tsaye, yana duban wanda yake wasawa, shi ya sa waƙarsa ta Bakandamiya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. A ganina aikin Shata ya fi wuya.

Inda abin ke mini ciwo shi ne adana. Fischer-Dieskau ya rasu a 2012, ya bar fayafai jere, kowanne da kwanan wata da sunan makaɗi. Shata ya rasu a Kano a 1999, aka kai shi Daura aka rufe, shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Yawancin abin da ke yawo a wayoyin matasan Birnin Kebbi da Argungu yau daga tsofaffin kaset aka kwafo shi, wani babu farko, wani babu ƙarshe, kuma da wuya ka samu wanda zai faɗa maka sunan makaɗin da ya riƙe kalangun, ko garin da aka yi wasan.