Ranar da ruwa ya ba ni hutu

Ruwan ya fara ne tun kafin kiran assalatu, ranar wata Talata cikin watan Agusta, irin mamakon nan da ba iska ba tsawa, sai zuba kawai. Na yi sallar asuba a gida, na shirya, na ɗauki jakata, domin ina da darasi da ƙarfe 10 a jami'ar da nake koyarwa a Kano. Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin noman ranin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, kuma hanya ɗaya ce ke fitar da mu zuwa titin Kano zuwa Zariya. Da na isa kwalbatin bakin gari sai na tarar ruwa ya shafe shi, 'yan acaɓa sun yi cirko-cirko ƙarƙashin bishiya. Wani dattijo ya leƙo ta gilashin mota ya ce, "Dakta, yau kam sai haƙuri." Na kira shugaban ajina na shaida masa, ya ce ai su ma rabinsu ba su fito ba.

Kamata ya yi in ji takaici. Amma da na juya kan mota sai na ji wani farin ciki ya lulluɓe ni, irin wanda rabona da shi tun ina firamare, ranar da ruwa kan hana malaminmu zuwa. Ga ni na haura arba'in, da digiri uku, ina murmushi ni kaɗai kamar yaron da ya tsinci kuɗi. Tsuntsu daga sama gasasshe!

Malamin jami'a a Nijeriya ya san zaman gida. A 2022 mun shafe wata takwas muna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu albashi, babu sanin ranar komawa. Ban tuna yini guda da na ji daɗinsa a wancan zama ba, don akwai fushi da bashi a cikinsa. Hutun ƙarshen zango kuwa, tun kafin ya zo mun cika shi da makin jarrabawa da ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa. Hutun ruwa ya sha bamban: ban roƙa ba, ba wanda zai zarge ni, ban tsara masa komai ba, kuma na san gobe zai ƙare.

Na zauna a ɗakin Inna, tana gasa wa jikoki sabuwar masara a kurfoti, indararo na ta zuba a tsakar gida. Ta dube ni ta ce, "Ashe kana iya zama?" Ta faɗa da wasa, amma maganar ta soke ni. Gida ɗaya muke kwana, amma na manta rabon da in zauna da ita da hantsi ba tare da ina duba agogo ba. Ran nan ta ba ni labarin yadda garin yake kafin Gwamna Audu Bako ya gina Tiga a farkon shekarun 1970, lokacin da maza kan watse cin rani da zarar an gama girbi. Yanzu alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina, ƙasar ba ta hutawa, mutanenta ma haka.

Da hantsi wata dabara ta zo mini: in naɗi darasin da murya in tura wa ɗalibai ta WhatsApp. A Amurka, inda dusar ƙanƙara kan sa a rufe makarantu, birnin New York ya sanar a 2022 cewa irin wannan rana za ta koma ta karatu ta intanet. Na riƙe wayar na ɗan lokaci, sannan na ajiye. Darasin zai jira mako mai zuwa. Inna ta haura saba'in.

Da la'asar ruwa ya tsagaita, na taka zuwa bakin kanal. A can na haɗu da wani maƙwabcinmu ɗan ƙwadago, tsaye yana kallon fadamar da aka ɗauke shi ciran ciyawa, ruwa ya shanye kunyoyin, shinkafa sai kanta ake gani. Na yi masa barka da ruwa, ya amsa, sannan ya ce, "Malam, ku albashinku na tafiya." Gaskiya ya faɗa. Yinin da ya zame mini kyauta, shi ya hana shi abin cefane, mai gonar kuma yana can yana lissafin takin da ruwa ya wanke. Na ba shi abin da ke aljihuna, na dawo jikina a sanyaye.

Ban daina jin daɗin ranar ba, sai dai na san wanda ya biya kuɗinta. Hausawa na cewa wani hani ga Allah baiwa ne. Washegari ruwa ya janye, na bi ta kan kwalbatin kamar kullum. Tun daga lokacin nake ware wa Inna safiyar Asabar, ba waya, ba takardun ɗalibai, don kada sai ruwa ya tare hanya sannan in tuna ina da gida.