Sabon Rumbu, Tsohon Hatsi

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfutar tebur ya san ba a rana ɗaya take mutuwa ba. Tsufa take yi sannu a hankali. Da farko takan yi nawa wajen tashi, sannan ta riƙa jinkirin buɗe takardu, daga bisani a fara jin wani ƙas-ƙas a cikinta kamar ɓera ya shiga kwali. Mu 'yan ƙungiyar marubuta da muke da ɗan ɗakin buga rubutu a Yelwa, nan Bauchi, mun ga waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya a jikin tamu, har ta kai mutum zai danna takarda, ya je ya yi alwala ya dawo bai tarar ta buɗe ba.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ajiyar da ke cikinta. Shekara da shekaru muna bin tsofaffi a Jahun da Gwallaga da Ƙofar Dumi, muna ɗaukar muryoyinsu da tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da labaran Sarki Yakubu da ginin ganuwa. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Littafin da aka saya a kasuwa in ya ɓata a sake saye, amma muryar tsohuwar da ta rasu ba ta da kasuwa.

Mai gyaran da muka kai wa a wajen Wunti ya kara kunnensa a jikin akwatin, ya ce, "Malamai, ƙwaƙwalwarta ƙalau take. Rumbun ne ya gaji." Rumbun da yake nufi shi ne ma'ajiyar bayanai, wadda su masu gyara suke kira had-disik. A cikinta akwai faya-fayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai kai da komo a samansu yana karatu da rubutu, tazararsa da faifan ba ta kai kaurin silin gashi ba. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a 1956, da faya-fayai 50, amma abin da take ɗauka bai wuce kimanin megabayit 5 ba, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Idan fuskar faifan ta fara lalacewa, sai ɗan hannun ya yi ta maimaita karatu a wuri guda kafin ya samu abin da ake nema. Nawar da muke gani ke nan. A garinmu kuwa abubuwan da ke gaggauta wannan tsufa ba su da wuyar lissafi: zafin bazara, ƙurar hunturu mai toshe fanka, da ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu.

Ya ba mu shawarar sabon samfuri mai suna SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Shi kansa canjin bai ɗauki rabin sa'a ba. Aka cire wuta, aka kwance murfi, mai gyara ya taɓa ƙarfen akwatin domin sauke lantarkin jikinsa, ya sa wa sabon wayoyi biyu, ta wuta da ta bayanai, ya ɗora masa Windows. Tsohon kuma aka bar shi a gefe a matsayin na biyu, domin a kwashe kayan cikinsa.

Kwasar ce ainihin aiki. Manomi ya san gina sabon rumbu ya fi sauƙi a kan juye hatsi daga wanda gara ta ci, domin kowane dami aka ɗaga sai wani abu ya zube. Muka fara da muryoyi, tunda su ne ba su da madadi, sannan rubuce-rubuce, sannan hotuna. Kwana uku muna yi, tsohon faifan yana tafiya yana tsayawa. Fayil biyu suka ƙi fitowa ko ta halin ƙaƙa, ɗaya daga cikinsu hira ce da wani dattijo maƙeri wanda ya rasu. Ranar ba wanda ya iya cewa uffan a ɗakin.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi duk mai rubutu da Hausa. Tsofaffin takardunmu an buga su ne da keɓaɓɓun haruffa irin waɗanda aka yi amfani da su a shekarun 1990, kafin tsarin Unicode ya wadatu. Idan ba a kwafe waɗannan haruffa tare da takardun ba, sai ɓ da ɗ da ƙ su rikiɗe su zama wasu alamomi marasa ma'ana. Saboda haka muka kwashe su ma, muka kuma shiga mayar da takardun zuwa sabon tsari ɗaya bayan ɗaya, domin kada ƙasa ta koma kasa a hannun na baya.

Yanzu kwamfutar takan tashi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kowa yana murna. Sai dai mai gyara ya ja mana kunne cewa tsohon samfuri yakan yi nishi kafin ya mutu, sabon kuwa sau da yawa shiru kawai ake ji. Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. Don haka muka raba ajiyarmu gida uku: ɗaya a kwamfutar, ɗaya a faifan tafi-da-gidanka da ke kwana a wani gida daban, ɗaya kuma a intanet. Muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da malamai masu kundin digiri ko hirarrakin bincike a kwamfuta guda, da su kwafe su yau, tun tana amsa kira.