Daga Balan zuwa Kurmi: Ruwan gwal da lantarki ke shafawa

Mu 'yan ƙasar Gaya muna da abin tutiya a harkar ƙarfe. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala, daga Gaya suka taso neman tama. Don haka da aka yi hutu sai muka tashi daga Balan, muka ratsa Gaya, muka haye gadar Wudil, muka nufi Kasuwar Kurmi don mu ga inda sana'ar kakanni ta kwana.

Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, lungu ce bayan lungu, ga ƙamshin fata da na turare. Mun fi daɗewa a wajen masu sarƙa da awarwaro, inda ƙyalli ke ɗaukar ido. Sai dai da yawa daga cikin kayan ba zinare ba ne har ciki. Tagulla ce ko wani ƙarfe mai araha aka yi wa ruwan gwal, kuma lantarki ne ya shafa shi.

Ga yadda ake yi. Ana wanke zoben tas, domin ko maiƙon yatsa yana hana ruwan kamawa. Sai a ɗaura shi a wayar da ta fito daga ƙafar batir mai alamar ragewa, a tsoma shi cikin ruwan da aka narkar da sinadarin zinare. Ɗaya wayar, mai alamar tarawa, tana riƙe da wani guntun ƙarfe a cikin ruwan. Da wuta ta bi, ƙwayoyin zinaren sai su yi ta tururuwa zuwa jikin zoben suna mannewa. Yawan wuta da tsawon lokaci su ke yanke kaurin rufin, wanda sau da yawa gashin kai ya ninka shi sau gommai. Luigi Brugnatelli na Italiya ne ya fara wannan a 1805, kafin dangin Elkington na Birmingham a Ingila su yi wa tasu dabarar rajista a 1840. Ƙanne, kada a gwada na gwal a gida, akwai guba mai kisa a ruwansa.

Dabarar na tare da mu har a Balan: ƙyallin kan keke, da kuzar da ke hana gwangwanin madara tsatsa.

Mu dai ba mu ga aibun ruwan gwal ba, yana fitar da mai ƙaramin ƙarfi kunya ranar biki. Ɓarnar ita ce a sayar da shi da sunan zinare, a saka a lefe, amarya ta ajiye shi a matsayin jari, sai ranar buƙata a ce mata tagulla ce. Zinare na gaske a ma'auni ake sayar da shi, giram-giram. Maganaɗisu ba ya raba gardama, tunda ita ma tagulla ba ya jan ta. A duba maɗaurin sarƙa da cikin zobe, inda gumi da gugar jiki ke fara cinye rufin.