Askar Kaka: Tsakanin Thiers da Yagwa

A Faransa, idan mutum ya tsinci tsohuwar askar kakansa ta yi tsatsa a cikin akwati, yakan aika ta wurin gwanaye su tashe ta. Garin Thiers, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ƙera wuƙaƙe a bakin kogin Durolle, ya yi suna a wannan fanni. Can ne kamfanin Thiers-Issard yake, wanda aka kafa a 1884, kuma har gobe yana ƙera askar nan mai naɗewa cikin ƙotarta. Tun da Gillette ya fito da reza a 1903 kasuwar askar ke ja da baya, amma ba ta mutu ba.

Aikin na haƙuri ne. Za a fara goge tsatsar da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana kiyaye sunan maƙerin da ke jikin ƙarfen. In ƙotar ta tsage, sai a cire ƙusoshin, a sassaƙa sabuwa ta ƙaho ko itace. Sannan a zo washi, dutse bayan dutse, a ƙare da jan bakin a kan fata har sai ya yanke silin gashi ba tare da an danna ba. Duk wannan ɗawainiya domin fuska ɗaya ake yinta. Mai ita zai tsaya gaban madubi ya aske gemunsa da kansa, ya share ta, ya shafa mata mai, ya ajiye.

A unguwannin Hausawa na garin Yagwa, kamar dai a Garwa da Marwa, aska ba ta taɓa zama kayan mutum ɗaya ba. Ta wanzami ce, kuma gidanta zabira. Ita ke askin suna ranar bakwai, 'yan uwanta na kaciya da tsaga suna kwance kusa da ƙaho. Ƙirar maƙeri ce, ba ado. Ban taɓa jin an ce an kai ta gyara ba, don ba ta samun hutun da za ta yi tsatsa. Kullum tana kan dutsen washi, wanzami ya ɗiga ruwa, ya ja, ya gwada a bayan hannunsa, ya dafa kan mai aski yana ce masa, “Sunkuya kaɗan, Malam.” Da haka bakin ke cinyewa har ta siranta. Abin da ɗa ke gada a wurinmu hannu ne da sani da gidajen da ubansa ke yi wa aski. Ƙarfen biyo baya yake yi.

Yanzu lamarin ya juya. Tsoron ƙanjamau da ciwon hanta ya sa jama'a da yawa suna zuwa da sabuwar rezarsu, ko su tafi shagon aski na inji. Ni ina tare da su ɗari bisa ɗari. Aska ɗaya ta bi kawuna goma ba a tafasa ta ba, ganganci ne, kuma ko a Faransa masu shagon aski sun fi amfani da wadda ake canja wa baki ga kowane mutum.

Abin da ke ci mini rai shi ne makomar tsofaffin askan. Zabira na rataye a ɗaki, damina na wucewa a kanta, jikoki sun tafi noman shinkafa ko kasuwancin Bongor a ƙetaren kogin Logon, wata rana sai mai sayen tsofaffin ƙarafa ya auna a sikeli ya ba da abin da bai kai kuɗin goro ba. Ƙarfen da ya aske kawunan rabin unguwa ke nan.

'Ya'yan wanzamai, ku sauko da zabirar nan. Ku goge tsatsar, ku kai wa maƙeri ya daidaita bakin, ku shafa mai ku naɗe a busasshen ƙyalle. Wanda ya iya, ya riƙa aske gemunsa da ita shi kaɗai. Kuma tun dattawan gidan na raye, ku tambaye su wane maƙeri ne ya ƙera ta, a wane gari, ku rubuta ku sa a cikin zabirar.