Kafin Tsohon Keke Ya Hau Sikeli

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta har ka dangana da Makoɗa, gona ba ta ƙarewa sai wata ta ɗauka, ƙauye kuma na hangen ƙauye. Baƙo sai ya zaci babu nisa a nan. Amma yaron da zai fito daga gidan gona ya iso sakandare kafin a kaɗa ƙararrawa, shi ya san tsawon hanyar. Akwai ɗalibaina da ke tafiyar sa'a guda da rabi a ƙasa, su iso darasin farko ya yi nisa, sannan a tarye su da bulala a bakin ƙofa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin iyayensu, keke kuma ya yi tashin gwauron zabo, sabo da tsoho. Ni kaina a shekarar na jingine babur na koma keke. Daga nan na shiga neman tsofaffin firam, wato gangar jikin keke, ina haɗawa da hannuna, wani na hau, wani na bai wa ɗalibi ubansa ya biya ni kuɗin kaya bayan kaka.

Mai karatu zai ce, ina wuyar samun mataccen keke a ƙasar da kowane zaure ke da ɗaya? Da can haka ne. Raleigh ɗin Ingila, wanda har masana'antarsa aka taɓa yi a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, sun shekara aru-aru suna ɗaukar taki da gyaɗa da amare da marasa lafiya a kan waɗannan hanyoyi. In sun gaji a rataye su. To, yanzu 'yan jari bola sun riga mu shiga zaurukan. Yaro ne zai zo da kura yana kira, a miƙo masa keken kaka, ya auna, ya biya kuɗin kilo. Daga hannunsa sai na 'yan gwangwan, a sassare da guduma don ya shiga buhu, a yi lodi zuwa inda ake narkawa. Sikeli bai san Raleigh ba. A wurinsa firam ɗin da aka yi wa aiki na tsanaki da tsohon murhu duk ɗaya ne.

Saboda haka neman ya zama tsere. Nakan leƙa kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, in na shiga birni kuma in bi ta Ƙofar Ruwa, amma a can an san darajar abin, kuma da an ga malamin makaranta da hula a karkace sai farashi ya ƙaru. Inda na fi dacewa shi ne wurin masu faci na ƙauye. Su suka san gidan da keke ke rataye, su suka san wanda mai shi ya rasu. Wani tsoho mai faci da nake zama wurinsa ya ce mini, "Malam, kada ka duba fenti. Fenti kwalliyar amarya ce, wanka ɗaya take fita." Shi ya koya mini in shafa ƙarƙashin bututu daf da wuyan keke, in na ji ƙarfen ya tattare kamar goshin mai fushi, to an taɓa yin karo da shi, in bar musu kayansu. Ya koya mini in ɗaura zare daga ƙafar baya ta dama, in zagayo da shi ta wuya in komo ƙafar hagu, in auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In ba su zo daidai ba, firam ya karkace, zai riƙa tafiya kamar kaguwa. Sai a duba gindin feda, inda ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci ta ciki. Keken ɗan garuwa ko na mai kai buhu kasuwa yawanci ya tsage a inda kariya ke zama. Na liman ko na tsohon malamin asibiti, wannan shi ne zinariya.

Akwai wuri guda da nake fara dubawa tun kafin waɗannan duka, wato tsagar da ƙafar baya ke shiga. A tsofaffin kekuna tsagar doguwa ce a kwance, ana iya ja da ƙafar baya har sarƙa ta miƙe. Yawancin kekunan gwanjo masu giya da ake shigowa da su yanzu, tsagarsu gajera ce tana kallon ƙasa, babu wurin ja. Wannan bambanci yana da muhimmanci saboda irin keken da nake haɗawa.

A jikin ƙafar baya akwai ɗan faifai mai haƙora da sarƙa ke ja, wanda masu gyara ke kira firiwil. A cikinsa akwai wasu 'yan harsuna na ƙarfe da ke kamawa in ka taka, su saki in ka huta, shi ne ƙarar tik-tik da ake ji a gangare. Ƙurar hunturu da rairayinmu ba sa barin waɗannan harsuna su daɗe, musamman na zamanin nan masu araha. Wata rana kana tafe sai ka ji feda na juyawa a banza, keke na tsaye. Tun ina yaro na san maganin talaka: a kai wa mai walda ya ɗiga wuta ya haɗe ciki da waje. Daga ranar, in taya na juyawa to feda ma na juyawa. Ni na sa masa suna keke marar hutu. Irin wannan kuwa dole sarƙarsa ta zauna a miƙe, don in ta yi sako-sako za ta zame a tsakiyar gudu.

Sai da na girma na karanta cewa abin da muke ɗauka alamar babu, shi ne asalin keke. Wanda John Kemp Starley ya fitar a birnin Coventry a 1885, kakan duk kekunan yau, marar hutu ne. Firiwil bai yaɗu ba sai wajen ƙarshen shekarun 1890. Har gobe da marar hutu ake tseren cikin da'ira a gasar Olamfik, ko birki babu. 'Yan aike na birnin New York suka fito da shi kan titi, samarin Turai da Amurka kuma suka mai da shi gayu, suna bin tsofaffin firam na ƙarfe kamar yadda nake bi. Su don sha'awa, mu don kuɗin firiwil. Na yi dariya ranar, amma ban ji haushi ba.

Ba na bin su a kan cire birki. Faifan nan murɗa shi ake yi a jikin ƙafa, in ka matsa feda baya da ƙarfi yana iya kwancewa, tunda ƙafafun kekunanmu ba su da wurin zoben kulle irin na 'yan tsere. Don haka birki biyu nake bari, gaba da baya. A cikin rairayi marar hutu yana da daɗi, don taya na taimakon ƙafa, ba ka rasa ƙarfi a tsakanin taki da taki. Amma a kwana feda na iya dukan kunya, kuma in bakin wando ya shiga sarƙa babu tsayawa. Shi ya sa ba na bai wa ƙananan yara, ba na kuma bai wa 'yan mata masu dogon hijabi; nasu sai na jira albashi na sayi firiwil, na sa murfin sarƙa. Wani abokin aikina yana ganin duk wannan zubar da girma ne, malami da baƙin mai a farce. Shi motar haya yake jira, yakan iso bayan ɗaliban da zai hukunta.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne keken gado. Akwai wani Raleigh baƙi a wani gida yamma da mu, rataye a zaure tun rasuwar mai shi, ƙafafu sun ruɓe amma firam ɗin ko lanƙwasa babu. Magada bakwai ne. Uwargidan ta ce, "Ɗan nan, ni dai da za a bar shi inda Malam ya rataye shi." Babban ɗan yana so a sayar mini, tunda jikan gidan yana aji biyu a wurinmu, kuma shi zan haɗa wa. Ƙanensa ya riga ya yi magana da mai kura, wanda zai biya nan take. Na taya sama da kuɗin kilo ninki biyu, sun ce in dakata sai an cire gero an zauna. Na roƙi mai faci ya riƙa leƙawa in ya wuce, kada a sauke shi ban sani ba.