Mashayar Motar Lantarki

Fataken dā ba su tashi daga zango sai sun san inda rijiya ta gaba take, gama dabba ba ta yin nisa da ƙishirwa. Motar lantarki ma hakanan take. Wuta ce abin shanta, ana tara mata cikin batir, in ta ƙare kuwa sai ta tsaya cik ko da a tsakiyar daji ne. Saboda haka da wani manomi na Horo Birni, a ƙasar Shagari, ya ji labarin irin wannan mota, bai fara da tambayar kuɗinta ba, sai ya ce, "To, ina mashayarta?"

Tambayar tana da dalili. Tun ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin fetur, kuɗin mai ya kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi shi. Mutumin da ke kai gero ko albasa Sakkwato ta hanyar Boɗinga ya ga ribarsa tana zurarewa a hanya tun bai kai kasuwa ba.

Mashayar nan, watau tashar caji, ba iri ɗaya ba ce, bambancinta kuwa kamar na cika randa ne. Mai cikawa da moɗa zai cika, amma zai daɗe. Wannan shi ne soket na ɗaki, wanda ke ba da wajen kilowat 2 ko 3. Motar Hyundai Kona, wadda aka fara harhaɗawa a Legas cikin 2020, batirinta na ɗaukar abin da tashar kilowat 64 za ta zuba cikin sa'a guda. A soket ɗin ɗaki sai ta fi kwana da yini. Mai cikawa da tulu shi ne akwatin da ake kafawa a bango, mai kilowat 7 zuwa 22. A nan Kona tana cika cikin kamar sa'a 10, watau a jona ta bayan Isha, da hantsi ta ƙoshi.

Sa'an nan ga babbar tasha mai sauri, wadda ita ce kowa ke marmari. Asirin saurinta abin lura ne. Wutar da ke bin wayoyin gari kai da komowa take yi, batir kuwa ba ya karɓa sai mai bin hanya guda. A cikin mota akwai wata 'yar na'ura mai daidaita wutar, amma ƙarama ce, ita ce ke jawo jinkiri. Babbar tasha tana da tata na'urar, ƙatuwa, tana zuba wa batir kai tsaye, daga kilowat 50 har 350. Cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci tashar kilowat 50 ta kai Kona kashi 80 cikin 100. Daga nan sai ta sassauta da kanta, kamar mai ɗura wa buta ruwa in ta kusa kai wuya, don kada batir ya yi zafi ya lalace.

To, amma mai karatu ya yi lissafi. Kilowat 50 daidai yake da ƙwan fitila 5,000 masu wat 10 a kunne gaba ɗaya. Irin wannan tasha tana son taransifomarta da wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Gurbinta bakin babban titi ne, inda motoci ke wucewa dare da rana su biya kuɗin kafa ta. A ƙauye kuwa, sai ta zama ingarman doki a gidan da ba dawa.

Ƙasar Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga wannan sha'ani. Cikin Afrilu 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tasharta ta fari mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shugabanta a sa'an nan Jelani Aliyu ne, Basakkwace, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Faifan sola suna tara wutar rana cikin batura, mota ta zo ta sha, ba ruwanta da wayar gari. Rana kuwa ita ce abin da Horo Birni ba ta taɓa rasawa ba, sai dai ƙurar hunturu da ke rufe faifan, dole a riƙa share su.

Da manomin nan ya auna duka, wadda ta kwanta masa a rai wata ce dabam, domin abin hawan mutanensu babur ne. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, da Kwatano, da Lome, 'yan kabu-kabu masu babur na lantarki ba su zaman jiran caji. Mutum ya tsaya a rumfa, ya miƙa batirin da ya ƙare, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wuta, cikin 'yan mintoci ya yi gaba. Batirin na kamfani ne, shi ya sa babur ɗin ya fi sauƙin saye. Wannan ciniki bai yi masa baƙo ba, gama a kasuwannin ƙauye akwai mai cajin waya da faifansa na sola bisa rumfa, ana ba shi waya da safe a karɓa da La'asar. Abin da ya rage masa tunani shi ne ko za a sami wata rumfar a Boɗinga, inda zai sake batir kafin ya shiga Sakkwato da buhunan albasarsa.